Ruwan Bagaja ko Shaihu Umar: Wanne Za a Fara Miƙa wa Yaro?

Akwai wani lokaci a rayuwar yaro, tsakanin shekara 11 zuwa 15, da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi take daina gamsar da shi, alhali kuwa bai kai munzilin da za a sakar masa littattafan manya ba. A wannan tsakani ne yake fara marmarin labarin wani tsaransa, ko wanda ya ɗan girme shi, da ya bar gida ya shiga duniya, ya sha wuya, ya ga abin al'ajabi, sannan ya komo ya zama mutum. Iyaye da malaman makaranta masu son wannan labari ya kasance na ƙasarmu, da sunayenmu da garuruwanmu da irin tarbiyyarmu, kusan kullum littattafai biyu ne suke fara zuwa bakinsu, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. An saba ambatonsu tare kamar Hassan da Husaini, har mutum ya ɗauka duk wanda ya tarar a kanti ya wadatar. Amma aikin da kowannensu yake yi a zuciyar yaro daban ne, kuma wanda aka fara miƙa masa yana iya zama sanadin ya ƙaunaci karatun Hausa ko ya guje shi.

Dalilin haɗa su a bayyane yake, domin gasa ɗaya ce ta haife su. A shekarar 1933 Rupert East, jami'in Hukumar Fassara wadda daga baya ta koma Hukumar Talifi a Zariya, ya nemi masu ilimin boko na Arewa su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri: waɗannan biyu, da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda yayan Imam ne, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East kansa. Marubutan namu biyu samari ne a lokacin. An haifi Imam a 1911, an haifi Ɓalewa a 1912, dukansu sun yi karatu a Kwalejin Katsina, kuma dukansu malaman makarantar Midil ne, ɗaya a Katsina, ɗaya a Bauchi. Wannan yana da muhimmanci ga mai zaɓe, saboda mutanen da suke wuni da yara a aji ne suka rubuta littattafan, kuma kowannensu bai kai shafi ɗari ba, don haka tsawo ba zai zama abin da zai raba gardama ba.

A Ruwan Bagaja, jarumin labarin, Alhaji Imam, shi ne yake ba wani mai suna Koje Sarkin Labari tarihin kansa a Kwantagora. Ɗan sarki ya kwanta ciwo, limamin da ya riƙi Alhaji ya ce da za a sami ruwan Bagaja da yaron ya warke, aka ɗauki maganar abin dariya aka wulaƙanta dattijon a gaban fada. Alhaji ya yi alkawarin ba zai zauna ba sai ya nemo ruwan nan ya wanke wannan wulaƙanci, ya kama hanya, ya yi shekara da shekaru yana faɗawa wannan gari yana fita wancan. A kan hanya ya haɗu da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wanda suka dinga ramuwar gayya a tsakaninsu, yau wannan ya ja wa wancan ɗauri ko dūka, gobe wancan ya rama, har daga bisani gābar ta koma abota. Ƙarshenta ya shiga duniyar aljanu, ya samo ruwan, ya komo gida da ɗaukaka.

Shaihu Umar kuwa yana buɗewa ne a Rauta, kusa da Bauchi, inda wani almajiri ya tambayi babban malaminsu asalinsa. Umar ya ce shi mutumin Kagara ne, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafaden da sarki yake ƙauna. Bayan wani hari na kamun bayi sai 'yan'uwansa fadawa suka yi masa ƙazafin ɓoye wasu daga cikin bayin, aka kore shi daga gari, ya nufi ƙasar Zazzau. Kafin uwar ta bi mijinta ta tafi Fatika ta sallami iyayenta, ta bar ɗanta a hannun wata, a nan aka sace shi. Daga hannu zuwa hannu yaron ya isa Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi zuwa Ber Kufa a ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwar ta fita nemansa, ita ma aka mayar da ita baiwa, aka kai ta har Tarabulus. A can suka sadu bayan shekaru, ba ta daɗe ba ta cika. A hanyar komowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, Umar ya tsira, ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa.

Bambanci na farko, wanda sauran duk suke rataye a jikinsa, shi ne wanda yake riƙe da linzamin tafiya. Alhaji shi ya zaɓi fita, shi yake shirya dabara, in ya faɗa rami shi ya haƙa shi, in ya fita kuma wayonsa ne ya fitar da shi. Umar bai taɓa zaɓar hanya ko sau ɗaya ba a ƙuruciyarsa. Ɗaukarsa ake yi, sayar da shi ake yi, kai shi ake yi. Ga yaro ɗan shekara 11 ko 12, wanda kullum ana ce masa zauna, tashi, je ka, dawo, babu abin da ya kai daɗin jarumin da yake yin abin da ya ga dama kuma ya sha. Shi ya sa Ruwan Bagaja yake kama yaro tun shafukan farko. Kowane gari labari ne mai kansa, da farkonsa da ƙarshensa, ana iya karanta ɗaya bayan sallar isha'i a ajiye, gobe yaron da kansa zai ɗauko littafin. Shaihu Umar zare ɗaya ne dogo, yana bukatar mai karatu ya riƙe sunaye da garuruwa, ya kuma jure barin Umar na ɗan lokaci ya bi Makau ko ya bi uwar.

To amma idan abin da ake nema shi ne labarin girma, wato yadda yaro yake zama babba, sai ma'aunin ya juya. Alhajin da ya komo Kwantagora ya fi wanda ya fita dukiya da suna, amma halinsa bai sauya sosai ba, mai wayo ya fita, mai wayo ya dawo. Duniya ba ta lanƙwasa shi ba, shi ne ya yi ta lanƙwasa ta. Umar kuwa mai karatu yana ganinsa tun yana ɗan ƙaramin da ba ya iya kare kansa, ya ga ya rasa uwa da gari da harshe, ya ga ya zauna gaban malami a baƙuwar ƙasa, ya ga ranar da begen mahaifiyarsa ya hana shi sakat duk da jin daɗin da yake ciki, ya ga ya binne ta. Dattijon da yake magana a Rauta waɗannan abubuwa ne suka gina shi, kuma natsuwar da ke cikin muryarsa an biya kuɗinta da tsada. Yaron da ya kai shekara 14, wanda ya fara tambayar kansa wane ne shi, ko wanda ya ɗanɗani maraici, ko aka kai shi karatu nesa da gida, zai sami abokin hira a Umar wanda ba zai samu a Alhaji ba.

A nan ya kamata in tsaya a kan mahaifiyar Umar, domin a ganina ita ce jarumar littafin ta haƙiƙa, ko da yake ba sunanta ne a bango ba. Duk ƙarfin halin da aka hana ɗan, an ba uwar. Ita ce ta ƙi zama, ta ƙi karɓar haƙurin da ake ba ta, ta fita ita kaɗai a zamanin da mace mai tafiya ba rakiya take zama ganimar duk wanda ya fi ta ƙarfi. Wanda ya yi mata alkawarin taimako shi ya ci amanarta. Ta rame, ta lalace, amma ba ta daina ambaton ɗanta ba. Idan 'ya mace za a saya wa littafin, wannan kaɗai ya isa ya rinjayar da ni zuwa Shaihu Umar, saboda a Ruwan Bagaja mata ba su da wani matsayi sai na gefe, duniyar maza ce ta kasuwa da fada da kurkuku. Abin lura kuma shi ne, sunan ruwan Bagaja ya riga littafin Imam, yana cikin tsohuwar tatsuniyar 'yar bora da aka tura wanki can, ta yi ladabi ga duk abin da ta tarar a hanya ta komo da arziki, 'yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya ta komo da tsiya. A bakin kakanninmu yarinya ce ta fara zuwa Bagaja, kuma yana da kyau a ba 'ya'ya mata wannan tatsuniya tare da littafin.

Ta fuskar tushe a al'ada, kowanne yana da rijiyar da ya ɗebo. Imam ya ɗebo daga tatsuniya da hirar dare da labaran aljanu, kuma Alhaji jikan Gizo ne ta wajen hali. Ya kuma ɗebo daga littattafan Larabci da almajiran ilimi suka sani, musamman Muƙamatul Hariri, inda mutum biyu suke ta karo da juna a garuruwa dabam-dabam, ɗaya yana shirya wa mutane dabara. Wannan gauraye ba aibi ba ne, haka adabinmu yake tun da can, zaure da dandali suna aro a wurin juna. Ɓalewa ya ɗebo daga tarihin da tsofaffin zamaninsa suka gani da idonsu: yadda ake shirya hari, yadda hassada take cin mutum a fada, yadda ayari yake tashi da madugu da raƙuma da guzuri, yadda ake sauka a zango, da yadda yaro yake hawa matakan karatu daga allo zuwa littattafai. An ambaci Rabe a ciki, wanda ya ci Borno a 1893 aka kashe shi a 1900, don haka labarin yana tsaye ne a ƙarshen ƙarni na 19. Yaron da ya karanta shi zai fahimci cewa Kano da Murzuk da Tarabulus sun daɗe da sanin juna, kuma hamadar da ke arewa da Damagaram da Agadas hanya ce da kakanninsa suka bi, wasu da son ransu, wasu a ɗaure.

Harshen littattafan ma ba ɗaya ba ne. Hausar Imam mai wasa ce, cike da karin magana da ba'a da zance mai harshen damo, kuma an yi ta ne domin kunne. Wanda ya karanta ta a bayyane, yana sauya murya tsakanin Alhaji da Zurƙe, zai ga yara suna kwashewa da dariya tun kafin ya kai ƙarshen jimla. Hausar Ɓalewa shimfiɗaɗɗiya ce, mai sanyi, irin ta malamin da yake magana almajirai sun yi tsit, ba ya ƙawata abin da bai bukaci ƙawa ba. Saboda haka yaron da ya tashi a inda Hausa take harshen gida kawai, makaranta kuwa da Turanci ko Faransanci ko Larabci, kamar 'ya'yan zango a Kumasi ko na Hausawan Sudan, zai fi saurin bin jimlolin Shaihu Umar, ko da yake ma'anarsa ta fi nauyi. Dariyar Imam tana bukatar kunnen da ya ƙoshi da Hausa. Wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Maraɗi ba shi da wannan matsala, kuma zai fita daga Ruwan Bagaja da guzurin karin magana da zai yi ta amfani da shi har tsufa.

Kowane littafi yana da wurin da babba ya kamata ya sa baki. A Ruwan Bagaja, wurin shi ne yaudara. Alhaji yana ƙarya, yana damfara, yana shigar malanta ba da ilimi ba. Akwai inda ya zauna a wani ƙauye a matsayin malami, Zurƙe ya zo da karatunsa na gaske zai tona shi, sai Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen layi a ƙasa ya ce a faɗi ko mene ne. Zurƙe ya yi ta kiran sunayen haruffa, Alhaji ya juya ga jama'a ya ce ai jinjirin wata ne, mutanen gari suka gaskata shi suka kori mai ilimin. Wasu iyaye suna jin tsoron irin wannan, suna ganin kamar ana koya wa yaro cewa wayo ya fi gaskiya. Ban raina wannan damuwa ba, amma ina ganin labarin yana koyar da abin da ya fi haka amfani, wato yadda jahilcin jama'a yake ba maƙaryaci mulki a kansu. Tambaya ɗaya daga uba ko malami, a ce wa yaron me ya sa mutanen ƙauyen suka bi Alhaji, ta isa ta buɗe masa wannan ƙofa. Yara sun san Gizo ba abin koyi ba ne tun suna kan cinyar kaka, ba sa rikicewa a nan kamar yadda manya suke zato.

Wurin da ya fi bukatar babba yana cikin Shaihu Umar, kuma shi ne batun bauta. Littafin bai ɓoye muninta ba, ya nuna ƙauye yana zaune lafiya a wayi gari an kwashe shi, ya nuna an raba uwa da ɗa, ya nuna mutum yana da farashi a kasuwa. Amma kuma bai fito ya la'anci tsarin ba. Makau mutumin kirki ne a labarin alhali sana'arsa kai hari, Abdulkarim mai tausayi ne alhali fataucinsa ya haɗa da bayi, kuma ta hanyar wannan fatauci ne Umar ya sami ilimin da ya ɗaukaka shi. Yaron da aka bari shi kaɗai yana iya fita da tunanin cewa bauta ƙaddara ce kawai, wani ta yi masa kyau, wani ta yi masa muni. Ya kamata a gaya masa cewa lokacin da aka rubuta littafin abin bai zama tsohon tarihi ba. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936, bayan gasar da ta haifi littafin. Ɓalewa yana rubutu ne a cikin jama'ar da bayi da iyayengijinsu suke raye, suna gaisawa a hanya. A kuma tuna wa yaron cewa a kowane Umar guda da ya dace da uban riƙo nagari, akwai ɗimbin waɗanda suka ƙare kamar mahaifiyarsa, ko ƙasusuwansu suka rage a rairayi. Wannan hira ba ta da sauƙi, musamman da yake har yau akwai gidajen da ake yi wa gorin asali idan maganar aure ta taso, amma gara yaro ya fara jin ta daga bakin wanda yake ƙaunarsa.

Idan aka ce in zaɓa wa yaron da bai saba karatu don nishaɗi ba, ko wanda bai wuce shekara 12 ba, ko wanda waya ta riga ta cinye masa haƙuri, Ruwan Bagaja zan miƙa masa ba tare da wani jinkiri ba. Bukatar farko ita ce ya gano cewa takarda tana iya sa shi dariya da harshen uwarsa, kuma ban san littafin da ya fi wannan iya yin haka ba, sai fa Magana Jari Ce na shi Imam ɗin, wanda shi ne mataki na gaba da ya dace. Fara wa irin wannan yaro da Shaihu Umar kuskure ne da ake yawan yi, saboda ana ganin ya fi tarbiyya. Sau da yawa abin da yake biyo baya shi ne yaron ya ajiye shi a tsakiya, ya ɗauka littafin Hausa wa'azi ne da baƙin ciki.

Wanda ya riga ya kama karatu, ya kai shekara 13 zuwa sama, ko yarinya mai hankalin manya, ko ajin da malami yake son su yi muhawara, Shaihu Umar ne nasu, kuma shi ne zai daɗe a ransu. Yana da ƙarin fa'ida ga malami, domin Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo a 1975, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, Mervyn Hiskett kuma ya fassara shi zuwa Turanci tun 1967, saboda haka ana iya sa ɗalibai su kwatanta yadda labari ɗaya yake sauya kama daga shafi zuwa dandamali. Sanin cewa marubucin shi ne ya zama Firayim Ministan Nijeriya na farko, aka kashe shi a Janairun 1966, yakan sa ɗalibai su sake duban abin da ya rubuta yana saurayi game da fada da hassada da haƙuri.

Sharaɗina ɗaya ne ga wanda ya zaɓi Shaihu Umar, shi ne ya karanta shi da kansa kafin ya bayar, ko da ya taɓa karantawa a makaranta, domin abin da mutum ya gani a ciki yana ɗalibi ba shi zai gani ba yana uba ko uwa. Ruwan Bagaja ana iya ajiye wa yaro a kan tabarma a tafi harka, in an dawo shi zai tare ka da labarin abin da Zurƙe ya yi. Shi kuwa ɗayan, a riƙa tambayar yaron inda ya kai, kuma a daren da zai isa Tarabulus, inda Umar zai shiga wurin matar nan da ta rame har ba a gane ta, a tabbata akwai babba a kusa da shi.